Yadda Ake Gano Hukuncin Jumla da Yiwuwar Tabbatarta a Manɗiƙin Jumloli

Manɗiƙin jumloli reshe ne na ilimin manɗiƙi (wato ilimin auna ingancin hujja) wanda ba ruwansa da ma'anar da jumla take ɗauke da ita. Abin da yake dubawa shi ne ko jumlar gaskiya ce ko ƙarya, da kuma yadda hukuncin ƙananan jumloli yake haifar da hukuncin babbar jumlar da aka gina da su. Aiki biyu ne suke gaban mai koyonsa, kuma wajibi ne ya bambanta su tun daga farko. Na ɗaya shi ne a ba shi hukuncin kowace ƙaramar jumla, a ce ya fitar da hukuncin babbar. Na biyu shi ne a ba shi babbar jumlar kaɗai, a tambaye shi ko akwai wata hanya ta raba gaskiya da ƙarya a tsakanin ƙananan wadda za ta sa babbar ta zama gaskiya. Aikin farko lissafi ne mai sauƙi da ake gamawa cikin ɗan lokaci komai tsawon jumlar, na biyun kuwa bincike ne, kuma har yau masana ba su samo masa gajeriyar hanyar da take aiki a kowane hali ba.

Ana farawa ne da sanya wa kowace ƙaramar jumla harafi, kamar p, q da r. Sharaɗin shi ne jumlar ta kasance mai karɓar hukunci ɗaya daga cikin biyu, gaskiya ko ƙarya, waɗanda za mu riƙa taƙaitawa da G da Ƙ. "Bakwai ta fi biyar" jumla ce da ta cika wannan sharaɗi, haka ma "tara tana rabuwa da biyu", duk da cewa ta biyun ƙarya ce. Tambaya da umarni da roƙo ba sa shiga, domin ba a gaskata su ba a kuma ƙaryata su. George Boole, masanin lissafi na Ingila, shi ne ya nuna a littattafansa na 1847 da 1854 cewa ana iya sarrafa irin waɗannan jumloli da ƙa'idojin aljabara, shi ya sa a fannin kwamfuta ake rubuta 1 a madadin gaskiya, 0 a madadin ƙarya.

Mahaɗan da ake gina manyan jumloli da su biyar ne. Korewa, wadda ake rubutawa ¬p, tana juya hukunci: idan p gaskiya ce, ¬p ƙarya ce, idan kuma p ƙarya ce, ¬p gaskiya ce. Mahaɗin "kuma", p ∧ q, ba ya zama gaskiya sai ɓangarorin biyu duk sun zama gaskiya. Mahaɗin "ko", p ∨ q, ba ya zama ƙarya sai ɓangarorin biyu duk sun zama ƙarya, wato yana nan a matsayin gaskiya ko da p da q duka gaskiya ne. A maganar yau da kullum sau da yawa "ko" tana nufin a zaɓi ɗaya a bar ɗaya, to wanda yake son wannan ma'ana sai ya rubuta ta a fili: (p ∨ q) ∧ ¬(p ∧ q). Mahaɗin daidaito, p ↔ q, gaskiya ne duk lokacin da p da q suke da hukunci iri ɗaya, ko duka G ko duka Ƙ.

Na biyar, wato sharaɗi, p → q, wanda ake karantawa "idan p, to q", shi ne ya fi ba ɗalibai wahala, saboda haka ya kamata a tsaya a kansa. Ƙa'idarsa ita ce ba ya zama ƙarya sai a hali guda: p gaskiya, q ƙarya. A sauran halaye ukun gaskiya ne, har da lokacin da p ƙarya ce. Mutane da yawa suna jin wannan bai kwanta musu ba, amma misali daga lissafi yana nuna dalilinsa. A ɗauki jumlar "idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2", wadda kowa ya yarda gaskiya ce game da kowace lamba. A gwada ta da 8: ɓangaren farko G, na biyu G. A gwada ta da 6: na farko Ƙ, na biyu G. A gwada ta da 7: duka biyun Ƙ. Tunda mun yarda jumlar gaskiya ce game da dukkan lambobi, dole mu yarda gaskiya ce game da 6 da 7 ma, kuma abin da zai rushe ta shi ne kawai a samo lambar da take rabuwa da 4 amma ba ta rabuwa da 2. Wannan fahimta daɗaɗɗiya ce, an danganta ta ga Filo na Megara, ɗaya daga cikin masana manɗiƙi na tsohuwar Girka, sama da shekara 2000 da suka wuce. A ganina wanda ya riƙe misalin 6 da 7 ba ya bukatar haddace jadawalin sharaɗi, domin zai iya fitar da shi da kansa duk lokacin da ya so.

Idan an ba da hukuncin haruffa, ana fitar da hukuncin babbar jumla ne ta hanyar farawa daga baka na can ciki a yi ta fitowa waje, har a kai ga babban mahaɗi, wato wanda ya raba jumlar gida biyu. A ɗauki (p ∨ q) → (¬r ∧ q), a ce p gaskiya ce, q ƙarya, r ƙarya. Babban mahaɗin shi ne sharaɗin da yake tsakiya. A ɓangaren hagu, p ∨ q gaskiya ce saboda p. A ɓangaren dama, ¬r gaskiya ce, amma tunda q ƙarya ce, ¬r ∧ q ta zama ƙarya. An sami G a hagu da Ƙ a dama, saboda haka jumlar gaba ɗaya ƙarya ce. Mai lura zai ga cewa bai ma bukaci duba r ba, domin ƙaryar q kaɗai ta isa ta rushe ɓangaren dama. Yana da kyau a saba da irin wannan lura tun yanzu: ƙarya guda tana yanke hukuncin "kuma", gaskiya guda tana yanke hukuncin "ko", ƙarya a hagu ko gaskiya a dama tana yanke hukuncin sharaɗi. Dabarun da za su zo nan gaba duk a kan wannan aka gina su.

Inda ba a sa baka ba, akwai tsarin da aka saba bi: korewa ce take fara aiki, sai "kuma", sai "ko", sai sharaɗi, sai daidaito. Saboda haka ¬p ∧ q daban take da ¬(p ∧ q). Idan p da q duka ƙarya ne, ta farko ƙarya ce, ta biyu gaskiya. Shawarata ita ce mutum ya riƙa sa baka ko da ƙa'ida ba ta tilasta masa ba.

Aiki na biyu kuma, hanyarsa mafi sauƙin fahimta ita ce jadawalin gaskiya, wanda ya yaɗu bayan ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein na 1921. Ana jera duk hanyoyin da za a iya raba G da Ƙ ga haruffan, kowace hanya a layinta, sannan a fitar da hukuncin jumlar a kowane layi. Don kada a tsallake wani layi, harafin ƙarshe ya riƙa sauyawa a kowane layi, wanda yake gabansa bayan layi biyu, na gaba da shi bayan layi huɗu, haka dai. Ga jadawalin (p ∨ q) ∧ ¬p:

| p | q | p ∨ q | ¬p | (p ∨ q) ∧ ¬p |
|---|---|---|---|---|
| G | G | G | Ƙ | Ƙ |
| G | Ƙ | G | Ƙ | Ƙ |
| Ƙ | G | G | G | G |
| Ƙ | Ƙ | Ƙ | G | Ƙ |

Abin dubawa shi ne jerin hukunce-hukuncen da suke ƙarshen layukan. Idan duka G ne, jumlar wajiba ce, ba ta yiwuwa ta zama ƙarya, kamar p ∨ ¬p. Idan duka Ƙ ne, mustahila ce, tana warware kanta, kamar p ∧ ¬p. Idan akwai G akwai Ƙ, ja'iza ce, hukuncinta ya dogara ga halin da haruffan suke ciki. Jumla mai yiwuwa kuwa ita ce wadda aka sami G a layi aƙalla ɗaya, wato duk wadda ba mustahila ba ce, ko wajiba ce ko ja'iza. Wadda take cikin jadawalin nan mai yiwuwa ce, kuma layi na uku shi ne shaidarta. A lura da bambancin nauyin da yake kan mai da'awa: wanda ya ce jumla mai yiwuwa ce layi ɗaya ya ishe shi hujja, wanda ya ce mustahila ce sai ya toshe dukkan layukan.

Da wannan ne ake auna ingancin hujja. Hujja tana inganta idan babu wani hali da muƙaddimominta, wato jumlolin da aka kafa ta a kansu, duka za su zama gaskiya alhali natijarta, wato abin da aka yanke daga gare su, ƙarya ce. Ke nan sai a haɗa muƙaddimomin da korewar natijar, a duba ko haɗin mai yiwuwa ne. Idan mustahili ne, hujjar ta inganta. Idan aka sami layin da ya gaskata shi, wannan layin shi ne misalin da ya karya hujjar. A gwada da wannan: p → q, q → r, saboda haka p → r. Ba sai an zana layi takwas ba. A ƙaddara natijar ƙarya ce, wanda ba ya yiwuwa sai p ta zama G, r ta zama Ƙ. Muƙaddima ta farko tana son ta zama gaskiya alhali p gaskiya ce, dole q ta zama G. Sai muƙaddima ta biyu ta koma G a hagu da Ƙ a dama, ta zama ƙarya. Hanya ta toshe, hujjar ta inganta. A gwada kuma da wannan: p → q, q, saboda haka p. A ƙaddara p ƙarya ce, q gaskiya. Muƙaddimomin biyu duka sun tsaya, natija ta faɗi, hujjar ɓatacciya ce, kuma lamba 6 ta misalin baya ita ce wannan hali a aikace: tana rabuwa da 2, amma hakan bai sa ta rabu da 4 ba.

Matsalar jadawali ita ce yawan layukansa yana ninkuwa biyu duk lokacin da aka ƙara harafi ɗaya. Haruffa 3 suna bukatar layi 8, haruffa 10 layi 1,024, haruffa 20 layi 1,048,576. Kwamfutar da take duba layi biliyan ɗaya a kowane sakan za ta shafe sama da shekara 36 kafin ta gama jadawalin haruffa 60, na haruffa 100 kuwa zai ci mata kimanin shekara tiriliyan 40. Alhali matsalolin da ake fuskanta a aikace, irin su tantance tsarin wayoyin cikin na'urorin lantarki, suna iya ƙunsar dubban haruffa. Tun a 1937 Claude Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu a jami'ar MIT ta Amurka cewa haɗin makunnan lantarki yana bin ƙa'idojin Boole, to tambayar ko wata na'ura za ta iya shiga wani hali mai haɗari tambaya ce ta yiwuwar jumla.

Hanyar da ta fi jadawali tana farawa ne da sake fasalin jumlar ta zama jerin sassa da "kuma" ya haɗa, kowane sashe kuma ya ƙunshi haruffa ko korarrun haruffa da "ko" ya haɗa. Ana mayar da p → q ta zama ¬p ∨ q, ana mayar da p ↔ q ta zama (¬p ∨ q) ∧ (p ∨ ¬q). Sannan a tura korewa zuwa ciki da ƙa'idojin da ake jinginawa ga Augustus De Morgan: ¬(p ∧ q) daidai take da ¬p ∨ ¬q, ¬(p ∨ q) kuma daidai take da ¬p ∧ ¬q, korewa biyu a jere kuwa suna share juna. A ƙarshe a rarraba "ko" a kan "kuma", yadda p ∨ (q ∧ r) za ta zama (p ∨ q) ∧ (p ∨ r). Amfanin wannan fasali a bayyane yake: jumlar ba ta zama gaskiya sai kowane sashe ya sami aƙalla abu ɗaya na gaskiya a cikinsa, saboda haka babbar tambaya ta rarrabu zuwa ƙananan bukatu da ake iya bi ɗaya bayan ɗaya.

A ƙaddara wata na'ura tana da makunni huɗu, a, b, c da d, G tana nufin a kunne, Ƙ a kashe, kuma an gindaya sharuɗɗa biyar. Dole ɗaya aƙalla daga a da b ya kasance a kunne: (a ∨ b). Idan an kunna a, dole a kunna c: (¬a ∨ c). Ba a kunna b da c tare: (¬b ∨ ¬c). Idan an kunna c, dole a kunna d: (¬c ∨ d). Ba a kunna a da d tare: (¬a ∨ ¬d). Jadawali zai bukaci layi 16, amma ga yadda ake yi ba tare da shi ba. A zaɓi harafi ɗaya a yi masa gwaji, a ce a gaskiya ce. Nan take sashe na biyu ya rasa madogara sai c, dole c ta zama G. Daga nan sashe na huɗu ya tilasta d ta zama G. Sai sashe na biyar ya wayi gari ɓangarorinsa biyu duk ƙarya. An ci karo, kuma wannan karon ya koya mana abu tabbatacce: a ba za ta taɓa zama G ba. A koma baya a sa mata Ƙ. Sashe na farko ya tilasta b ta zama G, na uku ya tilasta c ta zama Ƙ. Sashe na biyu da na biyar sun gamsu da ¬a, na huɗu ya gamsu da ¬c. Ba wanda ya ƙara bukatar d, tana iya zama G ko Ƙ. Jumlar mai yiwuwa ce, kuma hanya biyu ce kacal daga cikin 16 take gaskata ta.

Gwaji ɗaya kawai muka yi a nan, duk sauran matakan tilas ne suka kawo su, kuma ƙa'idar ita ce kada a yi sabon gwaji matuƙar akwai sashen da ya rage masa zaɓi guda. Akwai wata ƙa'idar mai taimakawa: idan harafi ya bayyana da fuska ɗaya tak a sassan da ba su gamsu ba tukuna, a ba shi hukuncin da zai gamsar da su, domin hakan ba zai cutar da wani sashe ba. Da a ta zama Ƙ, sashe na biyar ya fita daga lissafi, d ta saura a sashe na huɗu kaɗai ba tare da korewa ba, to ana iya sa mata G ba tare da wani tunani ba. Wannan tsari na gwaji da bin tilas da komawa baya ya samo asali ne daga aikin Martin Davis da Hilary Putnam na 1960, da gyaran da Davis da George Logemann da Donald Loveland suka yi masa a 1962. Manhajojin zamani sun ƙara masa dabarar rubuta darasin kowane karo a matsayin sabon sashe, kamar yadda muka koyi ¬a, don kada a sake faɗawa cikin kuskure iri ɗaya a wani reshen binciken.

Yanzu a ƙara sharaɗi na shida: idan an kunna b, dole a kunna c, wato (¬b ∨ c). Reshen a = G ya riga ya toshe. A reshen a = Ƙ, b ta zama G, sashe na uku yana son c ta zama Ƙ, na shida yana son ta zama G. Rassan biyu duka sun toshe, jumlar ta zama mustahila, kuma abin da muka rubuta cikakkiyar hujja ce a kan haka. Yana da amfani a ƙara tambayar waɗanne sharuɗɗa ne suka haddasa toshewar. Reshen farko ya dogara ga na biyu da na huɗu da na biyar, reshe na biyu ya dogara ga na ɗaya da na uku da na shida, kuma idan aka cire ko wanne daga cikin shidan, sauran biyar suna iya cika tare. Ga mai tsara na'ura ko jadawalin aiki, wannan bayani ya fi masa amfani a kan a ce masa kawai abin ba ya yiwuwa, domin shi ne yake nuna masa inda zai sassauta.

Misalin nan yana cikin rukuni mai sauƙi, domin kowane sashe abu biyu ya ƙunsa, kuma an san hanyar warware irin wannan cikin sauri komai yawan haruffa. Da zarar an yarda sashe ya ƙunshi abu uku, al'amarin ya canza. Stephen Cook ya tabbatar a 1971, Leonid Levin kuma ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai a Tarayyar Sobiyat aka buga a 1973, cewa duk wata matsalar da ake iya tantance amsarta cikin sauri ana iya mayar da ita matsalar yiwuwar jumla. Ma'ana, wanda ya samo hanya mai sauri ta warware wannan a kowane hali ya warware su duka. Ko irin wannan hanya tana nan ko babu, ita ce tambayar da aka sani da P da NP, wadda Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa wa ladan dala miliyan 1 a shekarar 2000, kuma ba a amsa ta ba har yanzu. Duk da haka manhajojin da ake da su suna yin aikin da ya wuce zato. A 2016 Marijn Heule da Oliver Kullmann da Victor Marek sun yi amfani da su wajen nuna cewa ana iya raba lambobi daga 1 zuwa 7824 gida biyu ba tare da wani gida ya ƙunshi lambobi uku masu cika x² + y² = z² ba, amma hakan ba ya yiwuwa idan aka kai 7825. Hujjar rashin yiwuwar ta kai kimanin terabayit 200.

Matakin ƙarshe, ko da hannu aka yi aikin ko da manhaja, shi ne a mayar da amsar da aka samu cikin sharuɗɗan asali kamar yadda aka faɗe su da baki, a duba su ɗaya bayan ɗaya. Dalili shi ne kuskure ya fi aukuwa a wurin mayar da magana zuwa alamomi fiye da wurin lissafin kansa, musamman game da alkiblar sharaɗi. "Ba a kunna a sai an kunna c" tana nufin a → c, amma sau da yawa akan rubuta c → a, saboda a zahiri c ce ake fara kunnawa. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi wane hali ne maganar ta hana. Ta hana a ta kasance a kunne alhali c tana kashe, ba ta hana c ta kasance a kunne ita kaɗai ba. Sai a gwada alamomin da aka rubuta da waɗannan halaye biyu: a = G da c = Ƙ dole su ba da ƙarya, a = Ƙ da c = G dole su ba da gaskiya. Idan sakamakon ya zo a juye, an rubuta sharaɗin a juye, kuma sai an gyara shi a sake binciken daga farko.